Agogon da Ke Kan Ƙusa

Shekara shida na yi ina zaune a hannun hagun Tasripin, muna fasa kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake cin naman cikinta, a rumfar Maigida Okihara, a wani ƙaramin tsibiri kudu da Hiroshima. Mutumin da kuka zauna tare haka, daga asuba zuwa la'asar sakaliya, hannuwanku cikin ruwan sanyi, ka san shi ko bai taɓa ba ka labarin kansa ba. Shi bai cika bayarwa ba, ni kuma ba gwanin tambaya ba ne. Abin da na gani shi zan faɗa.

Mutumin Demak ne, daga wani ƙauyen bakin teku a arewacin tsibirin Jawa, a ƙasarmu Indonesiya. Ubansa yana da tafkin kiwon kifi, teku ya cinye. Daga baya ya cinye filin ƙwallo, ya cinye rabin maƙabarta. Gidan da ya bar matarsa Muslikah a ciki, sau uku ana zuba ƙasa ana ɗaga daɓensa, har ya zama sai an sunkuya ake shiga ƙofa. 'Yarsa Laras tana wata huɗu ya baro ta. A waya ya ga haƙorinta na fari, a waya ya ga tafiyarta, a waya ya ga ranar da ta fara zuwa makaranta da takalma a hannu, ruwa har gwiwa.

Dokar da ta riƙe mu ba ta da wuyar fahimta. Ka yi shekara uku kana ɗan koyo, ka yi biyar kana ƙwararre, sai ka tattara ka tafi. A duk shekarun nan takwas ba ka da izinin kawo iyali. Akwai wata babbar takardar zama a gaba, wadda ake sabuntawa kuma mutum ya kawo matarsa da 'ya'yansa. Abu uku take nema: jarrabawar aiki, da shaidar ka shugabanci ma'aikata, da jarrabawar harshen Japan mataki na uku. Biyun farko Tasripin ya same su ba tare da ya yi gumi ba, don ya fi ɗan Maigida sanin teku. Na ukun ne ya tsaya masa a wuya. Sau biyu kawai ake yin ta a shekara, Lahadin farko na Yuli da Lahadin farko na Disamba. Takardar zamansa kuma za ta ƙare ƙarshen watan Mayu.

Magana ba ita ce matsalarsa ba. A bakin tsofaffin matan rumfa ya koyi harshen, saboda haka in ya buɗe baki sai ka rantse kakar wani ce ke magana. Ranar da ya je asibitin haƙori, ma'aikaciyar sai da ta juya baya don kada ya ga tana dariya. Karatun ne ya gagare shi, waɗannan haruffan kanji da kowanne ya yi kama da tarin ƙirare.

Ga yadda yake koyonsu. Da rani aikinmu shi ne jera ɓawo masu faɗin tafin hannu a jikin wayar ƙarfe, a rataya su ƙarƙashin gadajen gora da ke kan ruwa, 'ya'yan kawa su manne. Tasripin sai ya riƙa tsince waɗanda suka ɗan fashe, ya rubuta harafi a ciki da alƙalami mai kauri, ya rubuta ma'ana a baya da harshenmu. Ya jera su a waya ya rataya a gaban mazauninsa. Hannunsa na fasa kawa, idonsa na kan ɓawo. In ya cika bokiti ɗaya, sai ya juya ɓawo ɗaya da bakin wuƙa. A shekara uku ya tara waya goma sha huɗu.

Goggo Setsuko ce ke zaune a damansa. Shekararta saba'in da shida, hamsin daga ciki a kan wannan bencin ta yi su, kuma har yau ta fi ni sauri. Ita ce malamarsa, ba don ya roƙe ta ba.

“Kai ɗan nan, mene ne wannan ka zana?” in ji ta, tana nuna wani ɓawo da haɓa.

“Teku ne, Goggo.”

“Teku? Wallahi na ɗauka kaguwa ce mota ta take. Miƙo.”

Ta cire safar hannu ta gyara masa, ta cilla masa. “Shekara bakwai kana cikin teku, ka kasa rubuta sunansa. In ka kawo matar taka me za mu ce mata? Mu ce mijinta ya iya surutu irin na tsofaffi?”

“Ai ke kika koya mini, Goggo.”

“Ni ban haifi mai kan kabewa ba.”

Washegari sai ga ta da littafin jikarta na firamare, ta ajiye masa a kan benci.

Sai agogon. Surukinsa ne ya kawo masa tsaraba daga Hajji, baƙin agogon roba mai nuna lokutan salla. In lokaci ya yi sai ya kama ƙara, tit-tit-tit, kusan rabin minti. Tsibirinmu babu masallaci, babu ladan, wayar hannu kuma ba ta shiga rumfa saboda ruwan gishiri. Tasripin bai ɗaura shi a hannu, don zai jiƙe. Ya buga ƙusa a ginshiƙin da ke bayanmu ya rataye shi, ya zama na mu biyar 'yan Indonesiya da ke wurin. Injin wanke kawa yana ruri, mu sau da yawa ba ma jin ƙararsa. Goggo, wadda ke cewa ta kurumce in Maigida na magana, ita ke ji.

“Ga abinku can yana kuka,” za ta ce. “Ku tashi ku je ku gai da Ubangijinku, ku ce ina gaisuwa, ƙugu na ciwo.”

Sau uku ya zauna jarrabawar kafin wannan ta Disamba. Na farko bai ma san inda aka dosa ba. Na biyu ya ɗan matso. Na uku maki huɗu suka rage masa. Da sakamako ya fito na tambaye shi abin da ya faru.

“Lokaci ne, Kus,” ya ce. Sunana Kusnadi, shi Kus yake ce mini. “Ɗakin babu agogon bango. Ina kan dogon karatu na biyu aka ce a ajiye fensir. Tambaya bakwai ban taɓa ba, kuma da na duba na san amsar huɗu.”

Na riƙe wannan maganar a raina.

Rajistar Disamba tun ƙarshen Agusta ake buɗe ta, mako biyu da 'yan kwanaki a rufe. Wanda ya yi sake sai wata shekara, shi kuwa ba shi da wata shekara. Ranar da aka buɗe, lokacin hutun cin abinci, muka zauna a inuwar ɗakin ƙanƙara da wayarsa. Ɓawo ya cinye zanen yatsunmu, waya ba ta gane mu, sai da ya lashi yatsa kafin ta yarda ta motsa. Suna, ranar haihuwa, adireshi, mataki. Kowane layi sai ya karanta sau biyu da ƙarfi, ya sa ni na karanta. Aka zo kan hoto. Suna son farin bango a baya, babu inuwa, babu hula. Farin abu ɗaya ne a duk wurin, ƙofar ɗakin ƙanƙara. Ya wanke fuska, ya ari rigata mai kwala, ƙasa kuwa yana cikin wandon roba da takalmin ruwa.

“Buɗe ido, Yaya, ba hoton gawa za mu ɗauka ba.”

“Rana ce ke dukana.”

“To daina murtuke fuska, kamar wanda aka kama da kajin mutane.”

“Kai dai danna, hannunka na rawa kamar na mashayi.”

Sai a na goma sha ɗaya hoton ya shiga. Kuɗin rajista kuma a kanti ake biya, irin kantin da babu shi a tsibirinmu. Ranar Lahadi ya hau jirgin fito ya ƙetare, ya biya, ya dawo da rasit a cikin leda biyu. Takardar shiga ɗakin jarrabawa ta gidan waya take zuwa, don haka ya ɗauki fentin jirgi ya rubuta sunansa a jikin akwatin wasiƙun gidanmu, manyan haruffa, ana hango su daga bakin ruwa. Tun farkon Nuwamba kullum sai ya leƙa akwatin sau biyu. Ranar da ta zo bai nuna wa kowa ba sai Goggo. Ta goge hannu a zani, ta karɓa da hannu biyu, ta duba hoton.

“An cuce ka,” ta ce. “Ka fi haka muni.”

Saura ranar kanta. Disamba ne tsakiyar kakar kawa, kowa a ƙasar yana son aika wa surukansa kawa kafin sabuwar shekara, babu Lahadi babu Juma'a. Tasripin ya je gaban Maigida Okihara da hula a hannu ya faɗi buƙatarsa. Maigida ya dubi teku, ya ja sigarinsa, bai ce e ba bai ce a'a ba. Da safe muka tarar an zagaye Lahadin da jan alƙalami a kalandar rumfa, da sunan Tasripin a ƙasa. Ni irin wannan mutumin nake yarda da shi. Masu cewa “kada ka damu” na gansu da yawa tun daga Jakarta.

Ran Asabar da aka tashi aiki na miƙa hannu na zare agogon daga ƙusa na sa a aljihu. Ban gaya wa kowa ba. Da safe na raka shi tashar jirgi. Fensir huɗu a aljihunsa, ya fere su da wuƙar kawa, da roba biyu, da ƙunshin shinkafa da soyayyen tempe, wainar waken soya irin ta gida. Ya ce Laras ta kira shi da asuba ta ƙirga masa ɗaya zuwa goma da harshen Japan, ta ce in ta zo tana son ganin ƙanƙara mai saukowa daga sama. Jirgi ya yi hon. Na kamo hannunsa na ɗaura masa agogon.

“Ga lokaci,” na ce. “Wannan karon ba ka da abin faɗa.”

Ya dubi agogon, ya dube ni. “Ashe kana da kai, Kus.”

“Jeka kafin na fasa.”

Na koma rumfa ina jin na yi abin kirki. Muka yi aiki, muka ci abinci, muka yi azahar da ƙiyasi. Ƙarfe goma sha biyu da rabi ake fara jarrabawar. Wajen biyu saura, Goggo ta miƙe ƙugu, ta waiga ginshiƙi, ta ga ƙusa tsirara.

“Ina abin kukan?”

“Na ba shi ya tafi da shi, Goggo. Don ya san lokaci.”

Wuƙarta ta tsaya a cikin kawa. Shekara shida ban taɓa ganin hannunta ya tsaya a tsakiyar aiki ba.

“Kun rufe wa agogon baki?”

Kowa ya san dokar ɗakin jarrabawar nan, ni da ban taɓa shiga ba ma na sani: waya ko agogo, in ya yi ƙara ana cikin jarrabawa, jan kati ne, babu roƙo babu bayani. Mun zauna mun yi maganar waya har sau uku, ya ce zai kashe ta ya tura can ƙasan jaka. Agogon ko sau ɗaya bai zo bakinmu ba.

Na cire safa na ruga gida na ɗauko wayata. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe, kamar yadda na ce masa ya yi. Na duba takardar bayanin jarrabawa da ya manna a bango, babu lambar da za a kira. Na fito bakin ruwa. Jirgi na gaba sai ƙarfe uku, daga can kuma mota awa guda. Ina tsaye ina kallon ƙetare kamar zan hango shi. Maigida ya fito daga ofis ya tsaya kusa da ni, Goggo ta riga ta gaya masa. Ya dubi kwalekwalensa mai inji, ya dubi agogon hannunsa, ya girgiza kai. Ko tashi sama muka yi, wa zai bar mu mu shiga ɗakin?

Na koma benci na zauna, waya a cinyata cikin leda. Na ce a raina wataƙila ya tuna da azahar. Na ce wataƙila baturi ya mutu, ai ya tsufa. Na ce wataƙila lokacin ya faɗa cikin hutu. Na fasa kawa tara na lalata shida. Biyu da minti arba'in da ɗaya, wayata ta kira la'asar.

Goggo ta ajiye wuƙa. “Tashi ka je,” ta ce. Ba ta aika gaisuwa ba.

A jirgin ƙarfe biyar ya dawo, rana na faɗuwa. Da ya gama jarrabawar, sai na bakwai zai samu. Ina ganin shi a saman jirgi na san komai. Ya sauko, muka jera, ba mu nufi gida ba, muka zauna a kan tarin gora.

“Da azahar ya yi ƙara,” ya ce. “Ina tsakar gidan makarantar, mutane sun fi dubu. Na ji shi sarai. Na tashi na yi alwala na yi salla a bayan wurin ajiye kekuna. Ban kawo komai a raina ba, Kus. Kamar mutum ya ji tarinsa.”

“Ba su yi gargaɗi ba?”

“Sun yi, har sau biyu. Suka ce waya, na taɓa jaka. Suka ce agogo mai ƙara, na dubi na yaron da ke kusa da ni.”

Ya ce ɓangaren farko ya tafi lafiya. A ɓangaren karatu ya cire agogon ya ajiye a gaban takarda, ya raba lokaci yadda ya tsara, minti kaza ga kowane shafi. Yana kan shafin ƙarshe, da minti goma sha takwas a hannunsa, abin da bai taɓa samu ba. Ɗaki tsit, sai ƙarar fensir. Sai agogo ya kama. Ya danne shi da tafi, ya tura cikin riga, ya latsa duk maɓallan da ke jiki, bai yi shiru ba sai da ya gama rabin mintinsa.

“Wata yarinya ce mai sa ido,” ya ce. “Ba ta wuce ƙanwata ba. Ta zo da katin, tana ta sunkuyar da kai tana ba ni haƙuri. Ni na riƙa ce mata babu komai.”

“Sai ka yi yaya?”

“Na tattara fensirina na fito. Tunda an kira, na koma bayan kekuna na yi la'asar.”

Na ce ya ba ni agogon na jefa a teku. Ya ce a kan me, agogo aikinsa ya yi. Na buɗe baki zan ce ni na ja masa, ya ɗaga hannu.

“Gobe ƙarfe biyar za mu ɗaga wayar kawa talatin daga ruwa. Tashi mu je mu ci abinci.”

Da safe ya mayar da shi kan ƙusa. Bayan mako guda na nemi bayanin agogon a waya. Maɓallin ƙasa na hagu ne, a danna a riƙe daƙiƙa uku, shi ke nan ya yi shiru. Ban gaya masa ba.

Bai faɗa wa Muslikah ba sai ƙarshen Janairu, lokacin da sakamakon kowa ya fito kuma ba shi da wurin ɓuya. Ina ɗakin, ban ji abin da ta ce ba. Na dai ji shi yana cewa, “To a fara tambayar masu tipar ƙasa, kafin ruwan Yuni.” Maigida ya kai shi birni sau biyu wurin masu cike takardu, ko akwai wata ƙofa. Babu. Jarrabawar Yuli za ta zo bayan takardarsa ta mutu. Abin da suka ce kawai shi ne, in ya ci a can gida, kuma Maigida na son sa, ana iya nema masa daga waje.

Bai rage aiki ba ko na rana ɗaya. Ya gama kakar kawa, ya koya wa ɗan Maigida yadda ake gane gadon gora da ya kusa nutsewa. Ran ashirin da takwas ga Mayu muka raka shi jirgi. Kayansa jaka ɗaya ce, sai kwali mai ɓawo waya goma sha huɗu, ni na ɗauko shi a ka. Goggo ba ta zo ba, ta ce ba ta raka wanda ya faɗi jarrabawa. Ta aiko da ƙunshin busasshen kifi da takalmin ruwa ja, daidai ƙafar 'yar shekara takwas.

Agogon ya bar mana. Ya ce a Demak ladanai sun fi goma, ko ruwa ya shiga masallaci lasifika na sama.

Watan jiya ya turo hoto. Yana tsaye a tsakar ɗakinsa da kwandon ƙasa a kafaɗa, kansa ya kusa taɓa rufi, wannan ne ɗagi na huɗu. Ɓawon suna rataye a jikin azara inda ruwa bai kai ba, Laras ta hau kujera tana juya masa ɗaya. Bai samu gurbin Yuli ba, kafin intanet ɗin ƙauye ta buɗe shafin wuri ya cika. Ya ce zai gwada na Disamba.

An kawo sabon mutum daga Lombok, an ba shi benci a can ƙarshe. Wurin da ke tsakanina da Goggo babu kowa, wuƙar Tasripin na soke a inda ya bar ta. Maigida bai ce a ajiye masa ba, bai kuma ce a ɗauke ba. Ni saura mini shekara biyu, ban yi rajistar komai ba. Duk Asabar in an tashi ina shafa wa wuƙar mai, don gishirin nan ba ya barin ƙarfe.